FARASITAMOL: Maganin Kowa, Amma Yawansa Yana Kashe Hanta

Da wuya a shiga gida a karkara a rasa ƙwayar farasitamol, wadda jama'a suka fi sani da sunan Panadol. Tana cikin aljihun manomi. Tana cikin kwallar uwargida. Tana kan teburin mai shayi da tiren mai talla. Ciwon kai, farasitamol. Zazzaɓi, farasitamol. An dawo daga gona jiki ya yi tsami, farasitamol. Ba a neman takardar likita kafin a saya, kuɗinta kuma bai kai na sauran magunguna ba.

Maganin mai kyau ne, babu shakka. Likitoci suna ba yaro, suna ba tsoho, suna ba mace mai ciki idan akwai buƙata. Mai gyambon ciki, wanda asfirin ke tayar masa da ciwo, yana iya shan farasitamol lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa su a kowane asibiti ba.

Sai dai wannan sabo da aka yi da shi ya sa mutane da yawa ba sa ɗaukarsa magani. Suna watsa shi a baki kamar gyaɗa. Alhali idan ya wuce ƙa'ida yana lalata hanta, kuma yana yin ɓarnar a ɓoye. A Amurka da Ingila, inda ake rubuta kowace mutuwa da dalilinta, farasitamol shi ne kan gaba wajen sa hantar mutum ta tsaya da aiki farat ɗaya.

YADDA AKA GANO

An fara sayar da shi da sunan Tylenol a Amurka a shekarar 1955. A Ingila an fara a 1956 da sunan Panadol. An yi shekara 10 ana sha ana yabo. Sai a 1966 likitoci a ƙasar Sikotilan suka ba da labarin mutanen da suka sha da yawa, hantarsu ta lalace, wasu suka mutu. A 1973 masu bincike a Amurka suka gano yadda ɓarnar take faruwa a cikin jiki. Wannan ganowa ita ta kai ga samun makarinsa kafin 1980.

AIKIN HANTA

Duk wanda ya taɓa feɗe akuya ya san hanta. Ta ɗan Adam tana ɓangaren dama na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Ta babban mutum ta kai nauyin kilo ɗaya da rabi.

Aikinta yana da yawa. Abin da mutum ya ci ko ya sha, bayan ya narke a hanji, jini yakan ɗauke shi ya bi da shi ta hanta kafin ya zaga sauran jiki. Ita take tace guba. Ita take ajiye sukari, ta riƙa sakinsa a hankali idan mutum ya daɗe bai ci abinci ba. Ita take yin ruwan ɗacin nan da ke taruwa a matsarmama, mai taimakon narkar da maiƙo. Har ila yau ita take yin abin da ke sa jini ya daskare idan an yanke. Mutum yana da ƙoda biyu, yana da huhu biyu. Hanta ɗaya ce tak.

TARTSATSI DA RUWAN RANDA

Idan mutum ya haɗiye farasitamol, hanta ce take sarrafa shi. Mafi yawansa takan mai da shi abin da ba ya cutarwa, ya fita ta fitsari. Amma ɗan kaɗan daga ciki, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin 10 ba, yakan rikiɗe ya zama guba mai ƙarfi.

Wannan ba abin tsoro ba ne ga wanda ya bi ƙa'ida, domin hanta tana da tanadinta. Tana ajiye wani sinadari da likitoci ke kira gulutatayon. Da gubar ta fito, sai sinadarin ya kama ta ya kashe mata ƙarfi.

A kwatanta da ɗakin ciyawa da randar ruwa a bakin ƙofa. Kowace ƙwaya da aka sha tana jefa ɗan tartsatsin wuta kan jinka. Mai ɗaki ya ɗebi ruwa a moɗa ya kashe. Kafin wani tartsatsin ya zo, ya je rijiya ya cika randa. Haka za a yi ta yi, ɗaki ba zai ƙone ba. To amma idan tartsatsi ya zo da yawa lokaci ɗaya, ko kuwa yana zuwa a kai a kai ba a samu damar zuwa rijiya ba, randa za ta ƙafe. Daga nan duk wanda ya faɗo sai ya kama.

Haka abin yake a hanta. Idan sinadarin nan ya ƙare, gubar takan manne wa naman hanta ta kashe shi. Abubuwa biyu suke cika randar: lokaci da abinci. Shi ya sa aka sa tazara tsakanin sha da sha. Shi ya sa kuma mai yunwa ya fi mai ƙoshi shiga haɗari.

ƘA'IDAR BABBAN MUTUM

A jikin kwali ko katin maganin za a ga an rubuta 500mg. Wannan shi ne ƙarfin ƙwaya ɗaya.

Babban mutum zai sha ƙwaya 1 ko 2 a lokaci ɗaya, ba 3 ba. Ba zai ƙara ba sai bayan awa 4 zuwa 6. Kuma daga safiyar yau zuwa safiyar gobe, watau cikin awa 24, kada ya wuce ƙwaya 8. Wannan ita ce iyaka, ba wai dole sai an kai ta ba. A Amurka ma kamfanin da ke yin Tylenol ya rage iyakar da yake rubutawa a kwalinsa a 2011, ta koma daidai da ƙwaya 6.

Wanda ba shi da agogo yana iya bin lokutan salla: asuba, azahar, magariba, sai kuma tsakar dare idan ciwo ya tashe shi. Sau huɗu ke nan. Amma magariba da lisha sun yi kusa da juna, haka azahar da la'asar. Ba a sha a wannan a sake sha a wancan.

Ramammen mutum wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, watau nauyin buhun taki, ƙwaya 8 ta yi masa yawa. Irin wannan ya tsaya a ƙwaya 1 kowane sha, sai in likita ya faɗa masa wani abu dabam. Tsofaffi da yawa a nan suke.

Akwai masu cewa, "Ni jikina mai ƙarfi ne, biyu ba ta yi mini." Wannan kuskure ne. Bayan ƙwaya 2, ƙari ba ya ƙara kashe ciwo yadda ake zato. Aikin hanta kawai yake ƙarawa. Idan biyu ba ta yi ba, to ciwon ya fi ƙarfin farasitamol, wani magani yake nema.

YADDA AKE WUCE IYAKA BA A SANI BA

Mutane da yawa da farasitamol ya cuta ba su yi niyyar cutar da kansu ba. Sauƙi suke nema. A ɗauki misalin manomi mai ciwon haƙori a tsakiyar damina. Garin da ake cire haƙori yana da nisa, ga noma ya kama, ba zai bar gona ba.

Da asuba ya sha 3. Da hantsi ciwo ya dawo, ya ƙara 3. Da azahar ya aiki yaro wurin mai kemis a haɗo masa maganin ciwon jiki. Aka ƙullo masa ƙwayoyi kala-kala a leda, a ciki akwai farasitamol 2, bai sani ba. Da la'asar ruwan sama ya doke shi, ya ji mura, ya sha maganin mura guda 2. Da magariba ya sha 3. Da dare barci ya gagara, ya ƙara 3.

A yi lissafi: 3 da 3 da 2 da 2 da 3 da 3. Ya kama 16. Ya ninka iyaka. Idan aka tambaye shi zai ce 12 ya sha, domin bai san haɗin mai kemis da maganin mura suna ɗauke da farasitamol ba. Ga shi kuma saboda haƙorin ba ya iya cin tuwo, sai ɗan koko. Randa ba ta cika. Idan ya yi kwana biyu ko uku a haka, hantarsa tana cikin babban haɗari. Likitoci sun lura cewa masu sha a rarrabe irin wannan sun fi mutuwa a kan waɗanda suka sha da yawa lokaci ɗaya, domin ba sa zuwa asibiti sai abu ya yi nisa.

Babban tarko a nan shi ne yawan sunaye. Magani ɗaya ne, amma kowane kamfani da sunan da ya sa masa. Panadol farasitamol ne. Panadol Extra farasitamol ne da aka ƙara wa sinadarin da ke cikin goro da gahawa. Boska ma haka. Magungunan mura irin su Procold da Mixagrip suna da farasitamol a ciki. Kowannensu halal ne, kuma yana aikinsa. Haɗa su ne matsala. Wanda ya sha Panadol 2 ya bi da maganin mura 2, hantarsa 4 ta karɓa.

A nan karatu yake da rana. A ɗauki kwali a duba ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin babban suna, ko a bayansa. A nemi wannan kalma: PARACETAMOL. Baƙaƙenta 11 ne, ta fara da P ta ƙare da L. Magungunan da suka fito daga Amurka sukan rubuta ACETAMINOPHEN, duk abu ɗaya ne. Duk kwali biyu da aka ga wannan kalma a jikinsu, ba a shan su tare. Wanda ya iya karatu a gida ya duba wa waɗanda ba su iya ba.

Haɗin leda kuwa ba shi da kwali, ba shi da suna. Mai saye yana da hakkin ya tambaya: "Malam, akwai farasitamol a ciki? Guda nawa?" Mai kemis na kirki zai faɗa. Wanda ya ƙi faɗa, ko shi ma bai sani ba, kada a sayi haɗinsa.

YARA

Na yara ya fi wuyar sha'ani, domin da nauyin yaro ake auna magani. Abin da ya dace da ɗan shekara 5 ya yi wa ɗan wata 6 yawa.

Farasitamol na ruwa da aka fi sayarwa, a jikin kwalbarsa an rubuta 120mg/5ml ko 125mg/5ml. Ga irin wannan kwalba, awon da aka saba bayarwa shi ne: ɗan wata 3 zuwa 5, 2.5ml. Ɗan wata 6 har ya kusa shekara 2, 5ml. Ɗan shekara 2 zuwa 3, 7.5ml. Ɗan shekara 4 zuwa 5, 10ml. Ɗan shekara 6 zuwa 7 yana iya shan rabin ƙwayar manya. Ƙwaya ɗaya cikakkiya sai ya kai shekara 10. Shi ma yaro ba a ba shi fiye da sau 4 cikin awa 24. Yaron da tamowa ta kama, ko ya rame ƙwarai, a kai shi a auna nauyinsa tukuna, domin shekarunsa ba za su nuna gaskiyar abin da jikinsa zai ɗauka ba. Jaririn da bai kai wata 3 ba, idan jikinsa ya yi zafi, asibiti za a kai shi kai tsaye.

A yi awo da ɗan kofin roba ko cokalin da ya zo cikin kwalin, mai zane da lamba a jiki. Cokalin gida ba shi da tabbas. Wani ƙarami ne, wani ya ninka shi. Kurɓa daga bakin kwalba kuwa ba awo ba ne ko kaɗan.

Akwai kuma wata ƙaramar kwalba ta jarirai wadda ake ɗigawa a baki. Ƙanƙantarta takan ruɗi iyaye su zaci ba ta da ƙarfi. Alhali ita ce mai kauri. A jikinta an rubuta 100mg/ml, watau ta ninka ta babbar kwalba wajen sau huɗu. Uwar da ta cika cokali da wannan ta ba jariri, ta ba shi abin da ya yi daidai da ƙwayar babban mutum.

Wani abin da ke faruwa a babban gida shi ne yawan hannu. Uwa ta ba yaro magani ta tafi rijiya. Kaka ta taɓa jikinsa ta ji zafi, ta ba shi. Uba ya dawo daga kasuwa da sabuwar kwalba, shi ma ya ba shi. Kowa ƙauna ce ta sa shi. Maganin wannan shi ne a bar wa mutum ɗaya aikin, kuma duk lokacin da ya bayar ya ja layi a takarda, ko a bango da gawayi.

A tuna kuma, farasitamol ba ya kashe zazzaɓin cizon sauro. Ba ya kashe sanƙarau, ba ya kashe taifot. Zafin jiki kawai yake saukarwa na 'yan awoyi, cutar tana nan tana aikinta. Yaron da ya kwana ya wuni da zazzaɓi, a kai shi a gwada jininsa. Gwajin ba ya wuce minti 20.

WAƊANDA RANDARSU BA TA CIKA BA

Wasu mutane ko ba su wuce iyaka da yawa ba suna iya cutuwa.

Na farko masu shan giya, ko burkutu, ko ogogoro kullum. Giya tana rage tanadin hanta, tana kuma sa ta ƙara fitar da gubar.

Na biyu wanda ya yi kwanaki ba ya cin abinci saboda rashin lafiya ko rashin abin ci. Mai azumi lafiyayye yana iya shan farasitamol bayan ya sha ruwa. Kuskuren da ake yi shi ne a tara na yini duka a sha da sahur, wai don ya riƙe mutum har magariba. Ba ya riƙewa. Ƙarfinsa awa 4 zuwa 6 ne ko nawa aka sha. Ƙa'idar ƙwaya 2 da tazarar awa 4 ba ta canzawa don azumi.

Na uku masu shan maganin tarin fuka, da masu shan maganin farfaɗiya. Wasu daga cikin waɗannan magunguna suna sa hanta ta ƙara yin gubar. Su tambayi likitan da yake ba su magani nawa ya dace su sha.

Na huɗu masu ciwon hanta tun da farko. Wannan ya shafi ƙasar nan ƙwarai. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya nuna cewa wajen mutum 8 cikin kowane 100 na manya a Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta mai lamba B. Yawancinsu ba su sani ba, domin takan yi shekaru ba ta nuna alama. Wanda aka taɓa gaya masa yana da ita, ko cikinsa ya taɓa kumbura da ruwa, ba a hana shi farasitamol gaba ɗaya ba, amma likita ne zai yanka masa iyakarsa.

CIWON DA KE YAUDARA

Wanda ya sha fiya-fiya, nan take ake ganewa. Farasitamol ba haka yake ba, kuma wannan shi ne mafi munin halinsa.

A rana ta farko mutum yana iya jin tashin zuciya, ko amai, ko zufa. Yana iya kuma rasa jin komai. Yana tafiya, yana magana, yana dariya. 'Yan uwa su ce Allah ya kiyaye, kowa ya kama harkarsa.

A rana ta biyu amai yakan tsaya. Mutum ya ga kamar ya warke. A daidai wannan lokaci ne hanta take mutuwa. Wani zai fara jin ciwo a dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Fitsari ya ragu, ya yi duhu.

A rana ta uku zuwa ta huɗu sai abu ya fito fili. Ido ya yi rawaya, abin da ake kira shawara. Dasashi ya fara jini, ko a yi aman jini, domin abin da ke daskarar da jini ya ƙare. Gubar da hanta ta kasa tacewa ta hau kai. Mutum ya rikice, ya riƙa sambatu, ya kasa gane iyalinsa, ya yi ta barci, daga nan ya suma. Sau da yawa ƙoda ma takan tsaya.

A ƙauye idan aka ga haka sai a ce shawara ce, a jiƙa sassaƙe. Idan aka ji sambatu sai a ce iska ce ko sammu. Ba mai tunawa da ƙwayoyin da aka sha kwana uku da suka wuce. Wasu jiƙe-jiƙen ma ƙara wa hanta nauyi suke yi.

Wanda hantarsa ta mutu gaba ɗaya, ba abin da zai cece shi sai dashen wata hanta. Masu neman wannan aiki daga ƙasar nan yawanci Indiya ko Masar suke tafiya, da kuɗin da ya fi ƙarfin talaka. Amma hanta tana da wata baiwa: idan ba ta mutu duka ba, tana sake tofowa. Wanda ya tsallake waɗannan kwanaki, cikin 'yan makonni hantarsa takan koma daidai kamar ba abin da ya same ta.

ABIN YI IDAN AN SHA DA YAWA

Akwai makari. Sunansa asetilsistin. Aikinsa shi ne ya cika randar nan da ta ƙafe, watau ya ba hanta abin da za ta sake yin sinadarin da ke kama guba. Ana sa shi cikin ƙarin ruwa ta jijiya, ko a ba mutum ya sha. Idan aka fara shi cikin awa 8 da shan ƙwayoyin, kusan kowa yana tsira. Bayan awa 8 amfaninsa yana raguwa da kowace awa, ko da yake har a rana ta biyu da ta uku likitoci suna bayarwa, kuma yana taimakawa.

Saboda haka ba a jiran alama. Da an gane cewa mutum ya wuce iyaka, ko an tarar da yaro da kwalba a buɗe ta yi ƙasa, a nemi abin hawa. Ko da wanda ya sha yana cewa lafiyarsa ƙalau, a tafi. Ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye ba lalle ne yana da makarin ba. A nufi babban asibiti, ko a roƙi malamin asibiti ya rubuta takardar turawa ba tare da ɓata lokaci ba.

A tafi da kwali, da kwalba, da katin da aka ɓare, da ledar haɗin, duk abin da aka samu. Likita zai yi tambaya uku: me aka sha, guda nawa, da wane lokaci. Lokacin yana da muhimmanci, domin gwajin jinin da ke nuna yawan maganin sai an cika awa 4 da sha yake faɗin gaskiya. A faɗi adadin yadda yake. Rage lissafi don kunya yana iya sa a sallami mutum ba a ba shi makari ba.

Manja ba ya karya wannan guba. Madara ba ta karya ta. Ruwan gishiri da sa yatsa a maƙogwaro don a yi amai suna iya jawo wata cutar. A asibiti akan ba da wani baƙin gari mai kama da gawayi idan an zo cikin awa ta farko, amma an sarrafa shi ne musamman. Gawayin murhu ba ya yin aikinsa.

Wani lokaci saurayi ko budurwa ko matar aure sukan sha da gangan, cikin ɓacin rai, bayan faɗa ko auren da ba sa so. Da yawansu kafin gari ya waye sun yi nadama, kuma ganin ba abin da ya same su sai su yi shiru. Bayan kwana uku a rasa su. Wanda ya zo ya faɗi cewa ya yi haka, ba lokacin duka ko zagi ba ne. A kai shi asibiti tukuna. Bayan ya warke a zauna a saurari abin da ke damunsa, kada a bar shi shi kaɗai, kuma a gaya wa likita gaskiya domin akwai masu taimako a kan damuwar zuciya.

A Ingila hukuma ta lura cewa yawancin masu yin haka abin da ke kusa da hannu suke ɗauka. Sai a watan Satumba na 1998 aka yi doka: kanti ba zai sayar da kwali mai fiye da ƙwaya 16 ba, kemis kuma 32. Masu bincike na jami'ar Okisfod sun bi lissafin shekara 11 bayan dokar, suka ga mace-macen farasitamol sun ragu da kashi 43 cikin 100. Magidanci yana iya yin irin wannan doka a gidansa. Ya sayi kati ɗaya, ba gwangwani ba. Ya ajiye a sama ko cikin akwati mai makulli. Na yara yana da zaƙi, yaro yana iya shanye kwalba guda.

A TUKUNYA

Wasu masu sayar da abinci suna jefa farasitamol cikin tukunya wai don ganda ko ƙafar sa ko wake su yi saurin nuna, a rage itace. Hukumar NAFDAC, mai kula da abinci da magunguna, ta sha gargaɗi cewa wannan yana cutar da hanta da ƙoda. Mai ci bai san an sa ba, balle ya san nawa ya ci. Yaro ma yana cin romon. Jiƙa wake tun dare, ko yanka nama ƙanana a rufe tukunya da kyau, ya wadatar.

Dabbobi ma ba a ba su sai da izinin malamin dabbobi. Kyanwa ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. A tsibirin Guwam ma da shi ake kashe macizai: a cusa shi cikin mataccen ɓera a jefa a daji.

WANI HAƊARIN DABAM

Akwai abin da ba laifin yawan sha ba ne, amma ya kamata iyaye su sani. A 1990 yara fiye da 100 suka mutu a Jos da Ibadan bayan sun sha farasitamol na ruwa. A asibitin koyarwa na Jos kaɗai an rasa 47. Da aka bincika sai aka ga ba farasitamol ɗin ne ya kashe su ba. Ruwan da aka dama shi da shi ne aka sauya da wani mai guba, irin wanda ake amfani da shi a masana'antu, ya kashe musu ƙoda. Bayan wannan ne aka kafa NAFDAC a 1993. A 2008 abin ya sake faruwa da wani maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, yara 84 suka mutu.

Don haka kafin a sayi kwalba a duba abu uku: lambar NAFDAC, da ranar da maganin zai lalace, da murfi ko an taɓa buɗe shi. Wanda aka ɗura a kwalbar da ba ta da takarda, ko wanda ya wuni cikin rana a kan tire, a bar wa mai shi. Yaron da ya sha maganin ruwa sannan fitsarinsa ya ɗauke wuni guda, a garzaya da shi babban asibiti tare da kwalbar.

Babba kuma, idan ya yi kwana 3 yana shan farasitamol ciwo bai tafi ba, ya daina ƙarawa, ya je a duba shi. Haƙorin da ya ruɓe cirewa ko cikewa yake so. Ciwon kai na kullum yana iya zama hawan jini, kuma awon hawan jini ana yinsa a kowane ɗakin shan magani cikin minti biyu.